Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda Zaurukan Masu Rubuta Manhaja ke Karɓar Ɗan Koyo

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk daga 'yan koyon rubuta manhaja suke, kuma kukansu kusan ɗaya ne: sun kai tambaya zaurukan intanet, sun dawo ko dai ba amsa, ko da amsar da ta sosa musu rai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta. Abokan karatuna sun ce kada in kuskura in yi tambaya a Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, wai kafin minti goma an rufe ta, an kuma zabga mata ƙuri'ar ƙi. To ba cewa ake yi matambayi ba ya ɓata ba? Me ya sa wanda ya sani zai kori wanda bai sani ba? Ɗalibi, daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka ba ƙarya suka yi ba, sai dai rabin labarin suka ba ka. Jeff Atwood da Joel Spolsky ne suka buɗe Stack Overflow a 2008, kuma tun farko abin da suka sa a gaba shi ne tara taskar amsoshi da duk mai bincike zai tarar ko bayan shekara goma. Kamar masu rubuta ƙamus suke: kalmar da ta riga ta shiga ba a sake shigar da ita. Kai kuma ka zo ne don a zaunar da kai a koya maka. A nan aka yi hannun riga.

Ba ma'aikatan kamfanin ne ke rufe yawancin tambayoyi ba, masu amfani da dandalin ne da suka tara maki. A tsarin da aka daɗe ana bi, ƙuri'ar yabo tana ba mutum maki 10, amsar da mai tambaya ya karɓa tana ba da 15, ƙuri'ar ƙi tana zaftare 2. Wanda ya kai maki 125 yana da ikon jefa ƙuri'ar ƙi, wanda ya kai 3,000 yana da ikon neman a rufe tambaya. Da sai mutum biyar sun haɗu, amma daga ƙarshen 2019 uku sun isa. Wanda kuwa ya sami lambar zinare a wani fanni, a ce harshen rubuta manhaja na Python, shi kaɗai yana iya rufe tambaya idan ya ga an taɓa yin irinta. Saurin da abokanka ke faɗa daga nan yake.

Idan an rufe tambayarka da cewa maimaici ce, za ka ga an liƙa mahaɗin tsohuwar tambayar a sama. Buɗe shi ka karanta har ƙasa, domin sau da yawa amsarka tana can, a amsa ta biyu ko ta uku. Idan ba ta dace da matsalarka ba, gyara tambayarka, ka ce ka gwada abin da ke can, ga abin da ya fito, ga inda naka ya bambanta. Gyaran na iya kai ta layin da ake duba waɗanda za a sake buɗewa. Abin da bai kamata ka yi ba shi ne ka goge ta cikin fushi ka sake rubuta irinta. Tambayoyin da aka goge ana lissafa su, kuma idan marasa karɓuwa suka taru a asusunka, na'ura ce za ta hana ka tambaya, ba mutum ba, sai kuma bayan wata shida a ba ka damar guda ɗaya.

Duk wannan bai wanke dandalin ba. A Afrilun 2018 wani babban jami'in kamfanin, Jay Hanlon, ya fito fili ya amsa cewa mutane da yawa, musamman sababbin shiga da mata, suna ganin dandalin a matsayin wurin ƙiyayya da girman kai. A watan Agusta na shekarar suka fitar da sabuwar dokar ɗa'a, a 2024 kuma suka buɗe wani sashe mai suna Staging Ground inda tsofaffin hannu ke duba tambayar sabon shiga kafin ta fita bainar jama'a. Shawararmu: a shekararka ta farko ka mai da wurin na karatu, tambaya kuma ka kai ta inda aka gina don 'yan koyo, irin su r/learnprogramming da r/learnpython a Reddit, zauren freeCodeCamp, ko sashen taimako na discuss.python.org.

Tambaya: Ni malama ce a makarantar sakandare. Na rubuta 'yar manhaja da Python da ke ajiye sunayen ɗalibai a fayil. Tana tafiya lafiya, sai ta zo kan wasu sunaye ta tsaya cak. Na liƙa kod ɗin duka, wajen layi 300, a wani zaure, na ce ba ya aiki a taimaka. Ba wanda ya tanka. Me na yi ba daidai ba? Malama, daga Katsina.

Amsa: Malama, ba raina ki aka yi ba. Masu amsawa 'yan sa-kai ne, ba biyan su ake yi ba, kuma mutum yana leƙowa ne da 'yan mintocin da ya tsakura daga aikinsa. Idan ya ga layi 300 da kalmar "ba ya aiki", ya san sai ya ɓata rabin awa kafin ma ya gano me ake tambaya, sai ya wuce zuwa wadda zai iya amsawa a minti uku.

Abu na farko, saƙon kuskure. Duk lokacin da Python ta tsaya tana rubuta dalili, kuma daga ƙasa ake karanta shi: layin ƙarshe shi ne sunan kuskuren, na samansa kuma yana nuna fayil da lambar layin da abin ya faru. Ki kwafe shi gaba ɗaya, harafi da harafi, kada ki taƙaita shi da bakinki.

Na biyu, ki rage kod ɗin. Yi kwafin fayil ɗin, ki cire rabinsa, ki sake gwadawa. Idan kuskuren yana nan, ki sake cire rabin abin da ya rage. Idan ya ɓace, to yana cikin abin da kika cire, sai ki mai da shi ki cire ɗaya rabin. Sau shida ko bakwai ya isa ya mai da layi 300 ya koma ƙasa da goma. Sunayen ɗalibai na gaskiya kuma kada su fita, ki sa na ƙirƙira.

Daga bayaninki muna da zato mai ƙarfi. Duba ko sunayen da take tsayawa a kansu masu haruffan lanƙwasa ne, wato ƙ, ɗ, ɓ. Idan haka ne, kuma Windows kike amfani da shi, ragaggen kod ɗinki zai koma layi biyu:

```
with open("gwaji.txt", "w") as f:
    f.write("Ɗanladi")
```

Kuskuren kuma zai fara da `UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character '\u018a'`. Dalili shi ne idan ba a faɗa mata ba, Python a kan Windows takan rubuta fayil da tsohon tsarin haruffa na cp1252, wanda aka yi don harsunan yammacin Turai, babu haruffanmu a cikinsa. Maganin shi ne `open("gwaji.txt", "w", encoding="utf-8")`, kuma ki sa hakan wajen karanta fayil ɗin ma, in ba haka ba sunayen za su fito a hargitse.

Wannan misali ya nuna amfanin abu na uku: ki faɗi irin kwamfutarki da sigar Python ɗinki, wadda umarnin `python --version` zai nuna miki. Mai amsawa da ke kan Linux ko Mac zai gwada waɗannan layuka biyu su yi aiki lafiya lau, domin a can UTF-8, tsarin haruffan da ke ɗauke da namu, shi ne aka saba, sai ya ce miki shi bai ga matsala ba. Kalma ɗaya, Windows, ita ce za ta hana wannan ɓata lokaci.

Sai ki rufe da jimla biyu: abin da kika sa ran zai faru, da abin da kika riga kika gwada. A taken tambayar kuma ki sa sunan kuskuren da abin da kike yi lokacin da ya fito, ban da "gaggawa" da "don Allah a taimaka". Kafin ki aika, ki liƙa layin ƙarshe na kuskuren a Google. Irin wannan an amsa shi tun shekaru.

Tambaya: A rukuninmu na WhatsApp na masu koyon kodin, idan na ɗauki hoton allon kwamfuta da waya na tura, sai manyan su ce in turo rubutu. Ba ga shi a hoton suna gani ba? Mai karatu, daga Jos.

Amsa: Suna gani, amma ba za su iya gwadawa ba. Mai taimako yana so ya kwafi kod ɗinka ya sa a kwamfutarsa, hoto kuwa sai ya zauna ya sake buga shi da hannu, kuma a wajen bugawa yana iya gyara kuskuren bai sani ba. A Python, bambancin tazara huɗu da danna Tab sau ɗaya ya isa ya tsai da manhaja, kuma ido ba ya rarrabe su a hoto. Kwafi rubutun, ka sa alamar ``` a farkonsa da ƙarshensa. WhatsApp, Telegram, Discord da GitHub duk suna gane ta. Hoto yana da amfani ne kawai idan matsalar ta kamanni ce, kamar maɓallin da ya karkace a shafi.

Tun da muna kan rukuni: daina fara da "wa ya iya JavaScript a nan?" ka tsaya jira. Ba mai son ɗaga hannu bai san nauyin da zai ɗauka ba. Yi sallama, ka ajiye tambayar gaba ɗaya a saƙo guda.

Ka kuma duba kod ɗin kafin ka tura, kada kalmar sirri ko mabuɗin API, wato lambar sirrin da manhajarka ke amfani da ita wajen shiga wata manhajar, su bi shi. Idan sun riga sun fita, goge saƙon bai wadatar ba, sai ka je ka soke mabuɗin ka karɓi sabo.

Tambaya: Na tambayi yadda zan ƙara sifiri a gaban lamba. Maimakon a ba ni amsa sai aka ce me nake son yi da shi. Ina ruwansu? Mai karatu, daga Sakkwato.

Amsa: Malam, wanda ya yi maka wannan tambaya ya fi wanda zai miƙo maka amsa kai tsaye ƙaunarka. Mun ƙaddara lambobin waya kake ajiyewa. Lambar wayar Najeriya tana da alƙaluma 11, na farko sifiri ne, kuma da zarar ka ajiye ta a matsayin adadi sai sifirin ya faɗi, domin a lissafi 0803 da 803 abu ɗaya ne. Idan aka koya maka liƙa sifiri da ƙarfi, yau za ta yi aiki, gobe wani ya shigar da lamba mai farawa da +234 ko lambar Nijar mai alƙaluma 8, sai komai ya rikice. Gyaran gaskiya shi ne a ajiye lambar waya a matsayin rubutu tun daga tushe: a rumbun bayanai ka ba ta `VARCHAR`, wato nau'in rubutu, idan kuma da pandas, ƙunshin Python na sarrafa bayanai, kake karanta fayil ɗin CSV ka sa `dtype=str`.

Ɗan koyo yakan tambayi yadda zai aiwatar da dabarar da ya ƙirƙiro, ya ɓoye ainihin matsalar da ta sa ya ƙirƙiro ta. Tsofaffin hannu sun ga wannan har sun gaji, shi ya sa suke fara tono. Jimla ɗaya a farkon tambaya, "ina so in ajiye lambobin wayar kwastomomi", tana kashe maganar.

Tambaya: Da Faransanci na yi karatu, Turancina kaɗan ne. Ina tsoron a yi mini dariya. Ɗan'uwanku, daga Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, ɗimbin masu amsawa su ma Turanci ba harshen uwa ba ne a wurinsu, kuma abin da ke ƙona musu rai rashin bayani ne, ba karyayyen nahawu ba. Gajerun jimloli, kod, saƙon kuskure: waɗannan sun ɗauke maka kashi mafi yawa na aikin. Babban dandalin Stack Overflow Turanci kawai yake karɓa. Yana da rassa na harsunan Fotugal, Sifaniya, Rasha da Japan, amma babu na Faransanci. Da Faransanci akwai zaurukan Developpez.com da Zeste de Savoir. Idan ka yi amfani da manhajar fassara, ka fassara bayaninka kawai, kada ta taɓa kod ko saƙon kuskure.

Wani abu da kan ba Bahaushe mamaki: a Stack Overflow idan ka fara da gaisuwa ka rufe da godiya, wani na iya zuwa ya goge su. Al'adar wurin ce, kowa haka ake yi masa, har wanda ya shekara goma a ciki.

Tambaya: Wani ya amsa mini da haruffa huɗu, RTFM, wani kuma ya ce wanda bai san wannan ba ya nemi wata sana'a. Na kwana biyu ban buɗe kwamfuta ba. Haka ake yi wa kowa, ko don ni mace ce? 'Yar'uwarku, daga Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, waɗannan amsoshi biyu ba ɗaya suke ba. Ta farko cewa ce ki je ki karanta littafin jagorar manhajar, an faɗe ta da ashar a ciki. Rashin ladabi ne, amma akwai saƙo: amsar tana cikin takardun hukuma na abin da kike amfani da shi. Idan kin duba ba ki gani ba, ki koma ki ce kin karanta sashe kaza, ga jimlar da ba ki gane ba. Sau da yawa wani daban ne zai shigo ya amsa da kyau. Ta biyun kuwa cin mutunci ne zalla, babu ilimi a cikinta, kuma ba ta cancanci martani ba. Kusan kowane zaure yana da maɓallin kai ƙara ga masu kula da shi. Ki danna, ki wuce.

Zuciyar mutumin ba mu san ta ba, amma ƙorafin mata a wannan fage tsoho ne kuma manyan fagen sun amsa shi. Coraline Ada Ehmke ta rubuta dokar ɗa'a mai suna Contributor Covenant a 2014, kuma manhajoji masu yawa sun ɗauke ta. A Satumban 2018 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux kuma ya yi suna wajen zafin baki a kan masu turo masa aiki, ya nemi afuwa a fili, ya janye na kusan wata guda, aikin Linux kuma ya karɓi doka da aka gina a kan waccan. Akwai masu cewa kaushin harshe ne ke tace gwanaye. Mu ba mu yarda ba: abin da yake tacewa shi ne masu taurin rai, kuma taurin rai ba shi ne iya aiki ba.

Kafin ki yi tambaya a sabon zaure, ki karanta tambayoyi goma na 'yan koyo da aka yi kwanan nan. Idan kin ga ana mamakin jahilcinsu, irin "au, ba ka san wannan ba?", kuma ba wanda ya tsawatar, to ki nemi wani wurin. Cibiyar Recurse Center da ke New York har doka ta kafa da ta hana irin wannan mamakin na ƙarya.

Tambaya: An ce in ina son aiki in riƙa ba da gudummawa a manhajojin da kod ɗinsu ke buɗe a GitHub. Na tura gyara sau biyu, shiru. Mai karatu, daga Kumasi.

Amsa: Manhajoji da yawa da miliyoyin mutane ke dogaro da su, mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da su bayan sun tashi daga aiki. Shirun mako biyu ba wulaƙanci ba ne. Kafin ka taɓa komai, duba ranar da aka karɓi gyaran wani na ƙarshe. Idan an shekara ba a karɓi ko ɗaya ba, kada ka ɓata ƙarfinka. Karanta fayil ɗin CONTRIBUTING, domin nan suke faɗin yadda suke so a turo aiki da gwaje-gwajen da za a yi kafin turowa. Nemi matsalolin da aka yi wa laƙabin `good first issue`, ka rubuta a ƙarƙashin ɗaya cewa kana so ka ɗauka, ga yadda kake shirin yi. Gyara ɗaya, matsala ɗaya. Wanda ya taɓa fayil ashirin ba mai son duba shi.

Akwai tarihin da ya sa suke ɗari-ɗari da baƙo. A Oktoban 2020, lokacin gasar Hacktoberfest da a wancan lokacin ke ba da riga ga wanda ya tura gyara huɗu, an yi wa masu riƙon manhajoji ambaliyar gyare-gyaren banza, irin ƙara kalma ɗaya a fayil ɗin bayani, har kamfanin DigitalOcean da ke shirya gasar ya sauya doka cikin 'yan kwanaki, ya ce sai manhajar da ta nemi shiga da kanta. Idan gyaranka na farko ya yi kama da waɗannan, da wannan idon za a dube shi. Bayan mako biyu kana iya tuni sau ɗaya, cikin ladabi, a wurin da ka tura gyaran, ba ta akwatin sirrin mutum ba.

Tambaya: Tun da ChatGPT ba ya tsawa ba ya gajiya, me zai sa in sake kai kaina wurin mutane? Ɗalibi, daga Bauci.

Amsa: Ba kai kaɗai ka yi wannan lissafin ba, domin yawan tambayoyin da ake yi a Stack Overflow ya ragu ƙwarai tun fitowar waɗannan manhajoji a ƙarshen 2022. Don fassara saƙon kuskure ko bayanin abin da wani layi ke yi, suna da amfani sosai. Matsalarsu ita ce da murya ɗaya suke faɗin daidai da kuskure. Suna iya ba ka sunan umarnin da babu shi, ko wanda aka cire tun sigar baya, ko su ce ka sauke wani ƙunshin manhaja da ba a taɓa yin sa ba. Ba kasafai kuma za su tsai da kai su tambaye ka me kake nufi ba, sai su taya ka liƙa sifirin nan da muka yi magana a kansa. Saboda irin wannan ne Stack Overflow ya hana liƙa amsoshin ChatGPT a Disamban 2022, ƙasa da mako guda da fitowarsa.

Duk abin da manhajar ta ba ka, gwada shi, ka kuma duba sunan umarnin a takardun hukuma. Kafin ka buga `pip install`, umarnin sauke ƙunshi a Python, da sunan da ta ba ka, je pypi.org ka tabbatar ƙunshin yana nan, ka ga wa ya wallafa shi da ranar da aka sabunta shi. Idan ka kai kod ɗin da ta rubuta wurin mutane, ka faɗa musu daga ina ya fito da kuma layin da ba ka gane ba, don kada su ɓata lokaci suna tambayar ka dalilin abin da ba kai ka yanke shawararsa ba.